Fasinja na Goma Sha Uku

Abdulrazak ya soke wasansa ana gobe za a nuna shi. Wasan waƙa ne kan jirgin saman da ya fara kawo alhazai daga Kano.

A gwajin ƙarshe, daren Laraba a wani zaure a unguwar Zahir, can ƙasa mai tsarki, 'yan wasa goma sha biyu suka zauna cikin jirgin kwali sanye da harami. Ya ƙirga goma sha uku.

"Wallahi kun ishe ni! Kai na baya, wa ke rufe kai da harami? Yalla, fita!"

Ya fizgi farin ƙyallen a fusace. Ƙanshin kafur ya buge shi. An ƙulle ƙyallen ta kai da ta ƙafa.

"Da ƙafa na taso, ɗana," in ji murya daga ciki. "Mun iso?"