Hannun da ke Bayan Dutse

Ranar da Badaru ya fara ganin Kubura, ruwa ta kawo masa a ƙoƙo, shi kuma garin kallonta saura kaɗan kyamararsa ta sha ƙasa.

"Malam, riƙe kayanka da kyau," in ji ta tana ƙunshe dariya. "Ruwan ba gudu zai yi ba."

A 1975 ne. Badaru malamin firamare ne a Birnin Kudu, amma ransa duk yana kan wata tsohuwar kyamarar fim da ya saya a hannun wani Bature mai awon hanya. Manyan mawaƙa ba su dame shi ba, sai masu yin abin da mutane ke kira shirme. Abin da ya kai shi Fagam ke nan, can ƙasar Gwaram, wurin mahaifin Kubura, Malam Barau, wanda ya rataye tsofaffin fartanyu da sifirin mota a jikin wani dutse mai amo yana kaɗa su da guduma biyu. Rabin gari na cewa taɓin hankali ne, amma in ya fara, har su tsit suke yi.

Kyamarar ba ta ɗaukar sauti, don haka Badaru ya ajiye rikoda a gefe, ya yi tafi ɗaya a gabansu domin daga baya ya haɗa hoto da kiɗa daidai. Ya ɗauka, ya aika fim ɗin Ikko a wanke. Wata biyu ana jira, wasiƙu kuwa sai bin motar kasuwar Gwaram suke yi.

"Kubura fitilata, jiya na rubuta sunanki a allo maimakon kwanan wata. Yara sun yi mini dariya har aka tashi. Naki, Badaru."

Ta ba shi amsa: "Mai ido uku, Allah ya ƙara! Ni ma na zuba gishiri sau biyu a miya, don haka mun yi kunnen doki."

Ya tura kawunsa neman aure. Abin mamaki, dattijon da kullum yake tarbarsa da fura sai ya murtuke fuska.

"Kubura ba za ta bar Fagam ba. Ga Manu maƙwabcinmu ma yana so, katanga ɗaya ce tsakaninmu."

Badaru ya rasa laifin da ya yi. Wasiƙun Kubura ma suka tsaya cak, har ya fara zargin ko ta karkata ga Manu ne.

Fim ya iso wata Asabar. Badaru ya toshe tagogin aji da barguna, ya kunna majigi da rikoda a kan tafin nan. Can sai ya ga hannun hagun Malam Barau ya kwanta a gwiwa cikin hannun babbar riga, amma kiɗan hannu biyu na nan yana zuba. Ya ce a ransa shi ne ya yi kuskure wajen haɗa hoto da kiɗa. Ya maimaita har sau bakwai. A na bakwai ya lura da wata tsaga a jikin dutsen, ga wani hannu mai lalle yana ɗagawa yana sauka, da awarwaron da ya sani sarai.

"Innalillahi! Kubura!"

Washegari ya same ta a bakin rijiya. Tana jin maganar ta saki guga.

"Shekara biyu ke nan hannun Baba ya shanye," in ji ta, hawaye na zuba. "Ni nake ɓuya a baya ina cike masa. In aka sani kunya za ta kashe shi, in na tafi kiɗansa ya mutu. Ina son ka, Mai ido uku, wallahi ina son ka. To ya zan yi?"

An riga an gayyaci Badaru ya nuna fim ɗin ga ɗalibai a Kano, karo na farko da wani ya nemi ganin aikinsa. Kwana uku yana juya abin, ransa a jagule. A na huɗu ya ajiye faifan fim ɗin a gaban dattijon.

"Baba, na ga abin da ke ciki. Babu wani kwafi sai wannan. Ka ƙona ko ka ɓoye, bakina a rufe yake, ko ka ba ni ita ko ka hana."

Malam Barau ya dubi faifan. Sannan ya ce, "Kai ni in gani."

Badaru ya goya shi a babur har Birnin Kudu. Da aka zo wurin tsagar, tsohon ya miƙe tsaye, baki buɗe.

"Sake!"

Aka sake.

"Kai, yaro! Shekara biyu tana bayana, ban taɓa ganin hannunta ba. Dubi yadda take sassautawa tana jira na! Ni da nake zaton ni ke jan ta." Ya share ido da hularsa. "Wannan ta fi ni tun ina da hannu biyu. Kuma wai ita na ɓoye a bayan dutse, har ina neman hana ta miji."

Bayan girbi aka ɗaura aure, Badaru ya samu canjin makaranta zuwa Gwaram. Da la'asar ranar biki, Malam Barau ya tara mutane a gindin dutsen, ya sa hannun dama ya ɗaga na hagu, ya sake shi ya faɗi.

"Kun gani? Shekara biyu ina karɓar yabon da ba nawa ba ne. Amarya, zo ki zauna a gaba."

Wuri ya yamutse da salati. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji tana cewa, "Mace? Duk rawar nan da na sha, 'yar nan ce?"

Kubura ta zauna, ta fara kaɗawa, uban a gefenta da guduma ɗaya yana bin ta. Ango ya ɗaga kyamara, bai ajiye ba har ta gama.

Dattijon ya dafa kansu su biyun. "Kai ka rufa mini asiri, ke kuma kin riƙe ni. Allah ya yi muku albarka, ya riƙe ku fiye da haka."

Duk Fagam ta amsa da amin.