Ciwon da Amarya Ba Ta San Tana da Shi Ba

Amarya na zaune a bakin gado tana ninke wankin da ta kwaso daga igiya, sai ga mijinta Dogo ya shigo da sallama ƙasa-ƙasa. Ya tura ƙofa da ƙafa, ya miƙa mata wayarsa yana murmushi kamar wanda ya yi tsintuwa. Amarya dai suna ne ya bi ta. An daɗe da shan bikinta, har fentin ɗakinta ya fara ɓarewa, amma a gidan nan babu mai kiran ta da wani suna.

"Duba nan ki gani," in ji shi.

Hoton wani tafki ne, ruwansa garau, duwatsu sun kewaye shi, kawunansu a cikin gajimare. A bakin ruwan ga 'yan ɗakuna na katako, kowanne tagarsa na kallon tafkin, ga ƙananan kwale-kwale a ɗaure.

"Ina ne nan kuma?"

"Inda za mu je mana! Oga ya ba ni hutun ƙarshen mako, har na kama mana ɗaki. Ni da ke, Amarya. Mu biyu rak!"

Ta saki rigar da ke hannunta. Wanda bai taɓa zama a gidan nan ba, ba zai gane nauyin wannan magana ba. Gida ne na mutanen kirki, babu mai zagin wani, amma a cike yake maƙil. Ga Hajiya mahaifiyar Dogo, ga Kawu Direba ƙanenta, ga jikoki masu faɗo wa mutum ɗaki ko yana canza kaya. Dogo kuwa tun safe yana kantin maganin da yake aiki, in ya dawo sai ya fara zaman gaisuwa a ɗakin Hajiya, kafin ya iso wurin matarsa barci ya ci rabinsa. Hirarsu ta koma "gas ya ƙare" da "ina safata". Ba su taɓa faɗa ba, kuma abin da ke ba ta tsoro ke nan, domin tana ji a ranta soyayyarsu na bushewa a tsaye ba tare da kowa ya yi laifi ba.

"To me za mu ce wa Hajiya?" ta tambaya.

Murmushin Dogo ya ɗauke. Ya sosa ƙeya.

"Ka ce mata hutawa za mu je," ta ce.

"Hutawa? Da wane bakin? In dubi idon Hajiya in ce zan ɗauki matata mu je mu zauna muna kallon ruwa? Haba Amarya! Ke za ki iya faɗa wa Mama haka?"

Ta rufe fuska da tafin hannu. Ko a mafarki ba za ta iya faɗa wa mahaifiyarta haka ba.

"Oke," ya ce, "ni zan san yadda zan yi da mutanen gidan nan, ke ki ji da Mama."

A nan suka tafka kuskuren. Sun raba aiki, amma ba su tsaya sun shirya abin da kowa zai faɗa ba, saboda a daidai lokacin wata jika ta banko ƙofa tana neman a ɗaure mata takalmi.

Da yamma Amarya ta kira mahaifiyarta a waya. Ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta ce wurin aikin Dogo ne suka tura shi kwas can wajen duwatsu, ita kuma za ta raka shi don ta riƙa kula da abincinsa. Mama ta yi hamdala, ta ce ai kwas ƙarin girma ne, Allah ya sa albarka.

Washegari Amarya ta ɗauki tsintsiya za ta share tsakar gida, sai ta ji an fizge ta daga hannunta.

"Ajiye! Ajiye maza!" Hajiya ce, idanunta sun yi ja. "Ashe haka kike fama, 'yar nan, ba ki taɓa buɗe baki kin faɗa ba?"

"Fama da me, Hajiya?"

"Ji ta! Har yanzu ɓoyewa take. Wuce ki kwanta."

Kafin ta ankara an lulluɓe ta da bargo biyu cikin zafin rana, an dafo mata citta da zuma, an kori yara daga ƙofarta. Hajiya na zaune a gefenta, jim kaɗan ta ce, "Yi tari in ji." Amarya ta yi ɗan tarin dole. Hajiya ta girgiza kai ta ce, "Innalillahi, daga can ƙasa yake fitowa." Kan Amarya ya ɗaure tam. Ta kira Dogo, wayarsa na aljihun rigar aiki, ba ya ɗauka.

Tana cikin wannan hali Kawu Direba ya leƙo, yana kaɗa makullin motarsa.

"Amarya, sannu da jiki. Ki gaya wa maigidanki ni zan ja ku. Yaro ba ya sayen fili shi kaɗai, cutarsa za a yi. Filin bakin ruwa sai wanda ya san ƙasa, in ba haka ba damina ɗaya ta cinye shi."

"Wane fili, Kawu?"

"Au, ke ma bai gaya miki ba? To na yi shiru, kada in ɓata masa shiri."

Ya tafi ya bar ta baki buɗe. Ciwo, fili, kwas. Ta fara tambayar kanta ko dai akwai wata tafiyar daban da ba ta sani ba. Har wani mugun tunani ya ɗarsu a ranta: ko Dogo ya ga wata alama a jikinta ne, shi da ya san magani, yake ɓoye mata? Ta dafa ƙirjinta ta ja numfashi, sai ta ji kamar da gaske yana mata nauyi.

Da Dogo ya dawo ta tare shi tun daga bakin ƙofa, gumi na tsiyaya daga goshinta.

"Don Allah gaya mini gaskiya, mutuwa zan yi?"

"Subhanallahi! Wa ya ce?"

"To me ka faɗa wa Hajiya?"

Ya yi wuƙi-wuƙi da ido. "Sori, Amarya. Na je da niyyar faɗin gaskiya wallahi, da ta ɗago ta dube ni sai na ji bakina ya ce ƙirjinki ne ke damun ki, likita ya ce iskar duwatsu za ta yi miki magani."

"Kawu fa?"

"Shi mota na je aro. Ya ce ta me? Na ce fili zan dubo."

"Ni kuma na ce wa Mama kwas aka tura ka!"

Suka tsaya cirko-cirko suna kallon juna. Dogo ya ce ta kwantar da hankalinta, gobe zai warware komai. Goben ta zo, ya je ɗakin Hajiya, ya tarar tana cusa kayanta a jaka.

"Ina zuwa, Hajiya?"

"Bin ku zan yi mana. Wa zai yi jinyarta a can? Kai da ko ruwan zafi ba ka iya dafawa ba? Ka sa a ƙara mana ɗaki, ni da ita mu kwana tare, kai da Kawunka."

Dogo ya ce, "To, Hajiya." Abin da ya iya faɗa ke nan, bawan Allah. Da ya kawo wa Amarya labari, sai ta juya fuska bango tana hawaye. Ɗakin katakon nan mai kallon ruwa, wanda ta gama shirya har inda za ta ajiye kofin shayinsu, ga shi ya zama ɗakin jinya tun ba a je ba.

Ana jibi tafiya Mama ta zo gidan da fara'arta, ta zo yi wa surukinta murna. Ta tarar da 'yarta a falo cikin bargo, Hajiya na shafa mata man zafi a wuya.

"Me zan gani haka? Me ya same ta?"

"Ai ƙirjin ne," in ji Hajiya. "Shi ya sa za mu kai ta duwatsu."

"Wane ƙirji? Ba kwas aka tura Dogo ba?"

"Kwas kuma? Wane irin kwas?"

Kawu da ke bakin ƙofa ya sa baki: "Ku dai ba ku sani ba ne, fili zai saya."

Fuskar Mama ta canza. Ta miƙe tsaye. "Yanzu na gane. 'Yata na kwance ba lafiya, aka sa ta ta yi mini ƙarya don kada in sani! Hajiya, ban zaci haka daga gare ki ba. Ashe ni bare ce? Tashi, ɗauko mayafinki, gida za mu. In jinya ce ni na haife ki!"

"Ni na ɓoye miki?" Hajiya ta dafa ƙirji. "Ni da na kwana biyu ban runtsa ba saboda yarinyar nan? Dogo! Zo nan ka faɗa mata abin da likita ya ce!"

Dogo ya fito ya durƙusa, kansa a ƙasa. Mama ta riga ta kama hannun 'yarta tana ja. Amarya ta duba ta ga abin da ke shirin faruwa: iyaye biyu da suka yi shekaru suna ganin girman juna za su rabu baram-baram, ita kuma za a fitar da ita daga ɗakinta a kan ciwon da ba ta da shi. Ta ture bargon, ta zube a gabansu.

"Mama, Hajiya, ku yafe mana. Lafiyata ƙalau. Babu likita, babu kwas, babu fili." Kuka ya ci ƙarfinta, ta daure ta ƙarasa. "Mijina kawai nake so in gani. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa zama da shi mun gama magana ɗaya ba. Kunya ce ta hana mu faɗa."

Kawu ya dubi silin, ya lallaɓa ya fice. Mama ta saki hannun 'yarta, ta rasa inda za ta sa idonta. Hajiya ta daɗe tana kallon kwalbar man zafin da ke hannunta.

"Dogo," ta ce a hankali, "dodo ce ni?"

"A'a, Hajiya."

"To ka zaɓi ka sa ni kuka a kan sallaya ina roƙa wa matarka lafiya, da ka ce mini kana son matarka? Wanne ne abin kunyar a ciki?"

Ta tashi ta shige ɗakinta. Ranar ba ta sake yi wa kowa magana ba, washegari ma gaisuwa kawai take amsawa. Amarya ta ci gaba da aikinta, ta kai mata ruwan alwala, ta gyara mata ɗaki, ba ta ƙara tayar da zancen tafiya ba. A ranta ta riga ta haƙura.

Ranar tafiya da safe tana wanke kofuna, ta ji muryar Hajiya a tsakar gida tana tara jama'a.

"Kawu, ba Dogo makullin motar. Ku kuma yara ku buɗe kunnenku: duk wanda ya kira wayar ɗayansu kafin su dawo, ko gas ne ya ƙare ko rufin gidan ne ya faɗo, ni da shi ne." Ta juyo ga Amarya, ta ɗaure fuska, amma idonta na dariya. "Ke kuma mai ciwon ƙirji, kin tsaya kallona? Je ki shirya mana!"

Da la'asar suna zaune a kan wani benci a bakin tafkin, iska mai sanyi na saukowa daga duwatsu, ruwa na ɗan bugun gefen kwale-kwale. Babu mai kiran sunan kowa. Dogo ya juyo ya dube ta sosai, irin kallon da ta manta yana da shi.

"To ga ni. Me kike ta son gaya mini duk tsawon lokacin nan?"

Ta buɗe baki, ta nemi maganar ta rasa. Dariya ta kama ta, hawaye na zuba.

"Wallahi na manta. Bari dai in zauna kusa da kai tukuna."

Ya matsa mata, ta jingina da kafaɗarsa, suna kallon ruwa abinsu.

Kunya abu ce mai kyau, kuma ita ke riƙe da gida. Amma duk kunyar da za ta sa mutum ya yi wa iyayensa ƙarya a kan halal ɗinsa, ta wuce wurinta. Son miji ga matarsa ba laifi ba ne da za a nema masa likita, kuma sau da yawa iyayen da ake jin nauyi sun fi kowa son a gaya musu gaskiya.