Kujera Ta Uku

"Mama, wannan ma in ya zama babana mutuwa zai yi?"

Guduma ta tsaya a hannun kafintan. Telar da ta kawo masa gyaran teburin kekenta ta toshe bakin 'yarta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shi kuwa ya durƙusa ya ce wa yarinyar rai na Allah ne, amma zai yi ƙoƙari ya daɗe. Tun ranar yake kiranta Ƙusa, uwar kuma Sanyin Idona.

Da ya so auren telar, mahaifiyarsa ce ta ƙi. Ta ce ga 'yar ƙanwarta budurwa, in kuma dole sai bazawarar, to a bar marainiyar wurin dangin ubanta. Maganar ta iso kunnen telar, ta haɗiye ta da hawaye.

Cikin wannan hali ya gayyace su wani gidan abinci mai ƙofar gilashi da fitilu kamar na biki. Da aka kai su teburin da ya kama, sai ta ga kujeru biyu kawai. Ta ɗora Ƙusa a cinya, ta ce a ranta ashe ya bi zancen mahaifiyarsa.

Aka kawo faranti biyu masu faɗin tire, kowanne da nama kamar kwalin ashana, ya huce, ga ɗan ganye a gefe. Ƙusa ta leƙa, ta tambayi mai kawo abincin ko wani ne ya fara ci a hanya. Ba wanda ya yi dariya. Kafintan ya tura wa Ƙusa nasa, ya yi ta kurɓar ruwa. Da ya soma zancen aure, telar ta goge wa 'yarta baki ta miƙe.

"Mu biyu ne, Malam. Inda babu wurinta, babu nawa."

Ta daina ɗaga wayarsa. Ta yi ta ɗinki idanunta na zuba, har saƙonsa ya shigo:

"Sanyin Idona, a can kowace kujera da farantinta ake biya, kuɗin kujeru biyu kawai nake da shi. Taki da ta Ƙusa na kama. Ni na so in tsaya in ce na ƙoshi, kunya ta zaunar da ni. Ki yafe wa mai son burgewa."

Sai ta tuna ko loma bai kai bakinsa ba. Ta kifa kai a kan keken ta yi kuka.

Mahaifiyarsa kuwa, da ta same shi yana goge wata 'yar kujera da ya ƙera wa Ƙusa da hannunsa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce Allah Ya sa albarka. Ranar da aka kai amarya, tebur na jira da kujeru uku, ƙaramar a tsakiya.

Ke mai ɗa a hannu, kada fitilu su ruɗe ki. Kada ki amsa wa kowa sai kin ga inda zai zaunar da ɗanki, kuma ki tambaya kafin ki tashi.