Amsar Jiya a Bakin Zuhura

Rana ta yi sanyi a Kisauni. Bi Mwanakombo tana goga kwakwa a tsakar gida, 'yarta Zuhura tana ɗaki gaban kwamfuta. Aikin yarinyar gwada manhaja ne: ta zuba bayanan gwaji a fayil, ta ba manhajar, ta duba amsa. Ranar Talata ce, sau uku tana canza lambobi, amsar jiya ce ke fitowa.

"Mama, abin nan ba ya ma buɗe fayil ɗin. Da ya ga sunan da ya sani, sai ya miƙo min tsohon abin da ya ajiye."

Ta sake wa fayil suna. Amsa ta fito daidai. Ana kiran magariba, dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Wani dutsen ya sake faɗowa.

Daga ranar Zuhura ta tsaya wuri ɗaya. Ka tambaye ta abin da ta ci, ta ce wake da mandazi, fanken da ta ci ranar Talatar, ko da kifi ne a hannunta. Kullum Talata ce a wurinta. Maƙwabta suka ce gajiya ce. Ƙarya suke, tsoro ne ya hana su faɗi.

Wata biyu ana haka, ana jifan rufin kullum, uwar ta ɗauko Mwalimu Athumani, malami mai cire aljanu. Ya yi karatu har muryarsa ta dushe, sannan bakin yarinyar ya buɗe da wata murya mai kauri.

"Tsoho, ka cika min kunne."

"Wane ne kai? Me ta yi maka?"

"Mai ajiya ne ni. Ina zamana cikin na'urarta, ta canza wa fayil suna ta kore ni. Ina zan je? Yanzu duk wanda ya ce Zuhura, ni nake amsawa. Ban fi ta sauri ba?"

"Fita, don girman Allah."

"Sunan nake riƙe da shi. Ku bar min shi in tafi. Amma da duk abin da ke ƙarƙashinsa zan tafi."

Mwalimu ya dubi uwar. "'Yar'uwa, ki yi tunani. Ba mu san me ya rage a ciki ba."

"Tunanin me? 'Yata ce a ciki. Tsohon kwafi kawai zai ɗauka."

Aljanin ya yi dariya. Mwalimu ya sunkuya, ya raɗa mata sabon suna a kunne: Rehema. Jikinta ya saki. Jifan ya tsaya.

Ta buɗe ido a hankali. Ta san ranar Asabar ce, ta san magariba ta yi. Uwar ta kama hannunta tana kuka.

Yarinyar ta zare hannun cikin ladabi.

"Sannu, baiwar Allah. Wani naki ne ya rasu?"