Ganyen da Inna Ta Shanya

Inna Hajjo mace ce da ba ta ganin ganye ta ƙyale shi. Zogale, tafasa, yakuwa, duk sai ta shanya, ta ce rani ba ya sallama. Shi ya sa ranar da mijinta Malam Barmo ya sauko da damin gero daga rumbu, wata baƙar leda ta biyo shi cike da busasshen ganye, ba ta tambayi kowa ba. Ta zazzage a faifai ta zauna tsakar gida tana tsincewa.

"Zuhaira, zo ki ga wata irin rama. Warinta dai ba daɗi, amma in ta sha ƙuli-ƙuli za ta ciyu."

'Yarta Zuhaira ba ta ko duba da kyau ba, hankalinta na bakin ƙofa. Saura kwana tara a ɗaura mata aure da Hashimu, ɗan kabu-kabun da ke jigila tsakanin Tanout da ƙauyensu na ƙasar Ollelewa, kuma yau ya ce zai shigo gaisuwa bayan la'asar.

Ya shigo da sallama, ya durƙusa gaban Inna. Gaisuwar ba ta ƙare ba idonsa ya sauka kan faifan, nan take ya gane ganyen. Zuhaira ta ga gumi ya tsatso masa a goshi. Da ya so, da ya gaida surukarsa ya tashi abinsa, babu wanda zai san ya gane komai. Amma Inna ta riga ta jawo turmin ƙuli-ƙuli.

"Inna, don Allah kada ki ci wannan, kada ki ba kowa. Wiwi ce."

"Wi... me? Innalillahi!"

Faifan ya kuɓuce mata. Malam Barmo ya fito daga ɗaki da carbi a hannu, ɗansa Habibu, yayan Zuhaira, yana biye da shi.

"Kai yaro, ka tabbata? Yaya aka yi ka sani?"

Hashimu ya sunkuyar da kai. "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Lokacin da nake dako a tashar Tanout, shekara biyu na yi ina sha. Can ba a kiran sunanta, sai a ce ganye, ko taba, ko a ce a ba ni naɗi ɗaya. Akwai ta talaka, mai kara da 'ya'ya, ƙulli dala ashirin. Wannan kuwa zalla ce, babu kara, ita suke cewa mai kalite, ƙullinta ya kai dala ɗari. Ranar da mahaifiyata ta yi kuka a gabana na bari. Shekara huɗu ke nan, Allah ne shaidata."

Malam Barmo ya juya ga ɗansa, domin in ban da shi kansa, Habibu kaɗai ke hawa rumbun nan.

"Baba, ai shi ne!" Habibu ya yi caraf. "Shi ya ba ni ajiya, ya ce maganin basir ne. Ni ina na san wani wiwi? Ba ka ji yadda yake zuba farashi ba kamar mai tebur?"

"Yaya Habibu! Ka ji tsoron Allah!" Zuhaira ta fashe da kuka.

"Rufe mini baki!" in ji mahaifinta. Ya nuna wa Hashimu ƙofa. "Fita. Ban haifi 'yar da zan ba ɗan wiwi ba. Gobe ƙanena zai mayar muku da goronku."

Hashimu ya yi wa Habibu kallo ɗaya, ya juya ga Malam Barmo. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba," ya fita. Suna ji ya tayar da babur.

Kwana biyu Zuhaira ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Ba ta yi wa uban tsawa ba, ba ta aika wa Hashimu saƙo a ɓoye ba, ga waya a hannunta kuwa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne gaskiyar da ya faɗa ita ce ta kore shi. Rana ta uku da hantsi ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, duk abin da ka yanke na bi. Abu ɗaya nake roƙo. Tun da ƙazanta ce, kada ta ƙara kwana a gidanmu. Jandarmomi na iya jin labari. A ƙona ta yanzu, kowa na gani."

Malam Barmo ya amince. Ya kira Inna, ya kira Habibu, ya sa aka tara karan gero a bayan gida. Da wuta ta kama, ya ɗauko ledar da aka mayar da ganyen ciki ya ɗaga sama.

Habibu ya fara mutsu-mutsu kamar wanda ya taka garwashi. "Baba, ai... ai da an mayar wa mai ita kayansa."

"Mai ita ya zo ya ɗauka a toka."

Malam Barmo ya saki ledar cikin wuta.

"Baba, a'a! Wayyo!" Habibu ya yi tsalle ya cusa hannu cikin harshen wutar. "Jika arba'in ce fa! Zalla ce wallahi, ba ta talaka ba, ko rabi ban sayar ba!"

Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa. Ya tsaya riƙe da ledar da ta narke, yatsunsa sun ƙone. Inna ta ɗora hannu a ka tana salati.

"Maganin basir," in ji Malam Barmo a hankali. "Ashe kai ma ka iya farashi." Hawaye suka zubo masa, abin da Zuhaira ba ta taɓa gani ba tun da aka haife ta.

Bai aiki ƙanensa ba. Da ƙafarsa ya je bakin hanya ya hau mota zuwa Tanout, ya sami Hashimu a inuwar 'yan kabu-kabu.

"Ɗana, ka san ganyen na Habibu ne. Me ya hana ka faɗa?"

"Baba, na taɓa zama inda yake. Tonon asiri bai raba ni da wiwi ba, hawayen uwata ne. Ka ba ni shi, in Allah ya yarda zan ja shi a jiki."

Ranar Juma'ar da aka sa tun farko aka ɗaura auren. Habibu ne ya raba goro, da hannu a naɗe da tsumma, kansa a ƙasa.

'Yan'uwa, mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Kada a kori wanda ya tuba don ya faɗi gaskiyar jiyansa, a rungumi mai ƙarya don kawai ɗan gida ne. Ita kuwa Inna Hajjo, har yau in ta tsinci ganyen da ba ta sani ba, sai ta ajiye shi gefe ta ce, "Bari surukina ya zo tukuna."