Tsohuwar Da Ke Cikin Takardu Ɗari Huɗu

Saura kwana uku a buɗe baje kolin da shi da autarsa suka shekara biyu suna shiryawa. Shi sana'arsa sassaƙa hoto a katako, ya shafa tawada, ya danna a takarda. Ita kuwa Auta fuskar wata tsohuwa ta zana a takardu ɗari huɗu, yadda in an ɗauke su hoto bi da bi, aka haska a bango, tsohuwar za ta waiwayo ta yi murmushi.

Da magariba, yana wanke hannu, tsakuwa ta faɗo kan rufin ɗakin aikin. Wata ta biyo baya. Ya leƙa, babu kowa. Ko da ya dawo, takardun na buɗe kansu a kan tebur, ba iska, ba fanka. Tsohuwar ta waiwayo. Ba ta yi murmushi ba.

Auta na zaune a ƙasa, ta ƙura wa bango ido.

"Auta? Tashi mana, uwata."

Kwana biyu ba ci, ba magana. Likita ya duba, ya ce bai ga komai ba. Uwarta ta yi kuka har muryarta ta dishe, shi kuwa sai zagaye ɗakin yake, ya rasa abin kamawa.

A rana ta uku surukinsa ya zo da wani malami. Malam ya jima yana karatu kafin Auta ta buɗe baki, da wata murya mai kaushi.

"Wa ya ba ta fuskata? Leƙo ta na yi sau ɗaya ta taga. Shi ne za ku haska ni, jama'a su yi ta kallona?"

"Yarinya ce, ba ta sani ba," in ji Malam. "Me za a yi ki fita?"

"A ƙone."

"Baiwar Allah, aikinta ne na shekara biyu," uban ya ce. "Ɗauki nawa duka."

"Naka ba ya motsi. Riƙe abinka."

Da hannunsa ya kai takardun tsakar gida, ya goge hotunansu da aka ɗauka a na'ura, ya ƙyasta ashana. Takarda ta ƙarshe na cinyewa, Auta ta yi atishawa, ta ɓingire.

Bayan isha'i ta farfaɗo, ta sha ruwa, ta dube shi.

"Baba, gobe ne, ko? Ka gwada hasken bangona?"

Ya buɗe baki. Uwarta ta juya, ta fita daga ɗakin.