Baba Ma Ɗan Ajinta Ne

"Sai yaushe, Auta? Ki sa min rana kawai, ko da ta ƙarya ce!"

Ba ta ɗago ba. Tana zaune a kan 'yar kujerar yara, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta, tana yanka jan kwali da almakashi. An tashi makaranta tun ɗazu, ajin 'yan shekara huɗun da take koyarwa ya yi tsit, sai takalmi ƙafa ɗaya da wani yaro ya manta a ƙarƙashin tebur.

"Mako mai zuwa launuka za mu yi," ta ce a hankali. "Ban ma gama ja ba, ga shuɗi, ga kore..."

"Ina miki maganar rayuwarmu, kina min maganar kwali?"

Injiniya kowa yake ce masa, ko da yake gyaran wayar wuta yake yi a wani kamfani. Shekara uku yana nemanta. Yanzu kamfanin ya yi masa ƙarin girma, amma a wani reshe mai nisa, kuma ana jiran amsarsa.

"Mu yi aure mu tafi tare, abar ƙaunata. Mama ta gaji da tambayata, ni ma na gaji da ce mata nan gaba kaɗan."

"Baba fa?"

"Ba kina da Yaya ba?"

Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Yaya? Ya kira waya ya ce a gaishe da Baba, shi ke nan ya sauke nasa nauyin."

"To ni nawa laifin mene ne?"

Sai a lokacin ta dube shi. Idanunta sun faɗa, leɓenta ya bushe. Tana son ta ce masa shi kaɗai ne abin da ya rage mata mai daɗi a duniya, amma ko ƙarfin faɗar hakan ba ta da shi.

"Ba ka da laifi. Ka karɓi aikinka... ka tafi."

Ya daɗe a tsaye. Daga baya ta ji ƙarar babur ɗinsa tana nisa.

Tun da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, rayuwar Auta ta koma tsakanin ɗaki biyu, aji da ɗakinsa. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa. Da asuba ita za ta ɗaga shi, ta yi masa wanka, ta canja zanen gado, ta ba shi abinci a baki, sannan ta bar wa maƙwabciya makulli ta ruga makaranta. A can ma wata ɗawainiyar ce: wannan ya jiƙa wando, wancan ya ciji ɗan'uwansa, waccan tana kuka sai an goya ta.

Ciwon ya tafi da maganar Baba. Likita ya ce a riƙa koya masa kalmomi kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake yi wa yaro. Shi ya sa duk abin da yara suka koya a mako, Auta takan zuba shi a jaka ta kawo gida.

"Baba, wannan wane launi ne?"

Ya ƙura wa kwalin ido. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan keken ɗinki, wanda ko daga ƙofar shago yake gane zaren da bai dace da yadi ba. Bakinsa ya karkace, ya yi ta rawa.

"Ru... ruwa."

"Ja ne, Baba. Ce ja."

Ya sa hannunsa mai lafiya ya ture kwalin ƙasa, ya juya fuska bango.

Ta tsuguna ta ɗauka. "Ba komai. Yarana ma yau rabinsu kore suka ce."

Haka makonni suka yi ta wucewa. Makon sassan jiki, yara suna tsalle suna taɓa kai da kafaɗa, Baba ya iya cewa "ido". Makon ƙirga, ya kai uku ya tsaya, ya ƙi gaba. Makon da suka shuka wake a gwangwanin madara, ta kawo masa nasa ta ajiye a taga, kullum sai ya nuna mata da yatsa ta zuba ruwa.

Injiniya kuwa shiru. Ko saƙo. Takan duba waya a lokacin hutun tara na makaranta, ta mayar jaka, ta koma raba faɗan 'yar tsana.

Wata rana tana goge allo wata yarinya ta ja mata gefen riga.

"Anti, wa ya dake ki?"

"Ba kowa, 'yar gidana. Alli ne ya shiga min ido."

A makon da suke koyon sama da ƙasa, ciki da waje, aka manta da wani yaro a makaranta. Uwarsa ta zaci uban ya ɗauko shi, uban ya zaci uwar. Auta ta zauna da shi har la'asar sakaliya, hankalinta yana gida, don ta san maƙwabciya ta tafi kasuwa tun azahar.

Da gudu-gudu ta iso. Tana shan kwana ta ga babur ɗin Injiniya a ƙofar gida.

A tsawon shekarun nan Injiniya bai taɓa wuce bakin ƙofa ba tun da Baba ya kwanta. Ita ta hana shi. Ba ta so ya ga bokiti da ledar gado, ba ta so ya ji warin ɗakin.

Yau ga shi a tsakiyar ɗakin, ya naɗe hannun riga, wandonsa ya jiƙe har gwiwa. Baba yana kan gado da wankakkiyar riga, an saka masa ita a bai-bai, hawaye yana bin gefen fuskarsa.

"Sallama na zo yi miki, jibi zan tafi," in ji Injiniya, bai dube ta ba. "Na ji nishi daga ciki. A ƙasa na same shi, ya zamo daga kujera, kuma ya..." Ya haɗiye sauran. "Na gyara shi."

Kunya da baƙin ciki suka kama ta, ta kawar da kai.

"Na gode. Allah ya kiyaye hanya."

"Auta... kullum ke kaɗai kike ɗaga shi?"

"To wa zai ɗaga min?"

"Ni da nake namiji sai da bayana ya amsa! Shekara nawa kina wannan, ki zo ƙofa ki yi min murmushi ki ce lafiya lau?"

"Me kake so in ce? In ce zo ka auri wahala?"

"Da kin bar ni na zaɓa da kaina!"

Ta fashe da kuka, irin wanda ta daɗe tana dannewa. Ya tsaya kamar zai matso, sai ya durƙusa gaban gadon.

"Baba, ku yafe min. Allah ya ba ku lafiya."

Zai miƙe, Baba ya cafke masa wuyan hannu. Riƙo sosai. Bakinsa ya soma rawa, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ja..." Ya girgiza kai da fushi. "Ido... a'a!"

"Baba, kar ka wahalar da kanka," in ji Auta.

Bai saki ba. Ya dubi ƙofa, ya dubi Injiniya, ya buga gadon da gwiwar hannu.

"Ci... ciki. Ciki!"

Jiya-jiyan nan ta koya masa ciki da waje, da cokali da kofi, har ta zaci bai kama ba. Ga shi yau yana faɗa wa Injiniya ya tsaya ciki, kar ya fita.

Injiniya ya koma ya zauna a ƙasa dirshan. Hannunsa yana cikin na tsohon.

Bai tafi jibin ba. Ya mayar wa kamfani ƙarin girmansu, kuma hakan ya yi masa ciwo, bai ɓoye mata ba. Da ya ce a gidan Baba za su zauna bayan aure, Mamansa ta yi mako ba ta amsa gaisuwarsa.

"Ɗan nawa ne zai tare a gidan mace? Me zan ce wa mutane?"

Abokansa kuma suka sa masa suna amarya. Ya shanye. Mama ta zo bikin fuska ba walwala, amma da ta leƙa ɗakin Baba ta fito, ba ta ƙara cewa uffan ba, sai ma ta aiko da sabon bargo washegari.

Ranar Litinin ta farko bayan bikin, Auta ta farka ta ga rana ta cika taga. Ta zabura. Baba! Wanka! Makaranta!

Sai ta ji ƙarar ruwa a bokiti ta bayan bango, da muryar mijinta.

"Haba Baba, ku ɗaga hannun mana. Ni ma fa sabon shiga ne, a yi min a hankali."

Baba ya yi wani gunaguni mai kama da dariya.

Ta koma bakin gado ta zauna. Tana nan zaune ya shigo, da tawul a kafaɗa da kumfar sabulu a goshi. Yana ganin fuskarta ya rikice.

"Subhanallahi! Zuciyata, me ya faru? Wani abu na yi?"

Ta girgiza kai, hawaye yana zuba, ta kama hannunsa mai sanyin ruwa ta ɗora a kumatunta.

"Barci na yi," ta ce. "Wallahi barci na yi... har gari ya waye ban sani ba."